Riyad a cikin tsohon birnin Fas ko otal a waje? Da Hajiyarmu za mu tafi, ina neman shawara

Baban Yusra:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Insha Allahu a watan Janairu za mu je Fas ta ƙasar Maroko ziyarar Shehu Ahmad Tijjani, ni da uwargida da Hajiyarmu. Hajiya ta haura saba'in. Tana tafiya da ƙafarta, amma gwiwa na damunta, hawan bene sai ta huta a hanya. Ina duba masauki a Booking sai na ga irin gidajen nan na gargajiya da suke kira riyad, a cikin tsohon birni. Hotunan kamar fadar sarki, kuma kuɗin wasunsu bai kai na manyan otal ba. Uwargida ta ce ita kam nan za ta sauka. Ƙanina ya ce in rufa wa kaina asiri in kama otal mai lif. Waɗanda suka taɓa zuwa, me kuka gani?

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ziyara. Ni a riyad muka sauka, kuma ko gobe aka ce in koma, can zan sake sauka. Amma a san abu ɗaya tun yanzu: gidan mutane ne aka mayar masauki, ba otal aka gina ba. Ɗakunan kaɗan ne, wani gidan biyar, wani bakwai, duk suna kallon tsakar gida. Matakalar kuma matsattsiya ce, a miƙe take, tana murɗewa, takun ma ba daidai suke ba. Ni da ƙafata lafiya lau sai da na riƙa dafa bango. In dai da Hajiya ne, kada ka biya ko sisi sai sun rubuto maka cewa ɗakinta a ƙasa yake, da banɗaki a ciki.

Injiniya_KD:
Malam, ƙaninka ya fi ka gaskiya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, cikin hunturu, a garin da mota ba ta shiga? Ka kama otal a sabon gari, akwai lif, akwai na'urar ɗumama ɗaki, tasi na tsayawa a bakin ƙofa. Kullum da safe ku hau jar tasi ta kai ku bakin tsohon birni, ku yi ziyara ku dawo. Tasin nasu mutum uku take ɗauka, daidai ku ke nan. Hotunan nan da kake gani an ɗauke su ne don Turawa masu neman abin ɗorawa a Instagram.

Maman Hanif:
Injiniya, ai ko daga otal ɗin suka taso, tasin a bakin ƙofar birni za ta ajiye su. Tafiyar ƙafa ba makawa. Bambancin kawai, mai riyad in ya gaji mintuna kaɗan ya kai gado, mai otal kuwa sai ya fito har titi ya tsaya neman mota.

Ɗalibin Fas:
Salam. Ina karatu a nan, bari in ba ka hoton garin, domin duk amsar tana cikinsa.

Tsohon birnin, wanda suke kira Fas el-Bali, kwari ne. Bab Bujulud, shuɗiyar ƙofar nan da ake yawan ɗauka a hoto, tana can sama ta yamma. Daga nan manyan hanyoyi biyu, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, suke gangarowa har ƙasan kwarin, inda masallacin Ƙarawiyyin yake. Zawiyyar Shehu tana unguwar Blida, ba nisa da Ƙarawiyyin, wato a ƙasa. Yawancin riyad ɗin da ke fitowa a farkon bincike suna wajen Bujulud da Batha, saboda nan masu yawon buɗe ido suka fi so. In ka sauka a can, zuwa zawiyya gangara ce, da daɗi. Dawowa kuwa hawa ne na fiye da kilomita guda a kan duwatsun daɓe, ga cunkoso, ga alfadarai da kaya. Hajiya ba za ta yi wannan sau biyu a rana ba.

Abin da za ka nema shi ne gidan da ke kusa da Rasif. Nan ne titin mota ya kutso har ƙasan kwarin, tasi da bas suna zuwa. Daga Rasif ka bi ta dandalin Saffarin, inda maƙeran tagulla suke, ka kewaye Ƙarawiyyin, ka shiga Blida. Mai ƙafa lafiya kamar minti goma ne, Hajiya ta yi a hankali a ninki biyu. Akwai ɗan hawa, amma ba a haɗa shi da Tala'a.

Don haka kafin kuɗi, kafin kyan ɗaki, tambayar farko ga mai gida ita ce: wace ƙofa ce mafi kusa da ku da mota ke iya zuwa, kuma minti nawa ne daga can zuwa ƙofar gidanku?

Baban Yusra:
Allah ya saka da alheri, ya ba da ilimi mai amfani. Wallahi gidajen biyu da na ajiye duk Bujulud aka rubuta. To kayanmu fa? Ka san tafiya da mata.

Ɗalibin Fas:
Kaya ba matsala. A kowace ƙofa akwai 'yan dako da kurar ƙarfe, suna lodawa su tura har ƙofar gida. Amma ka sa mai riyad ya turo nasa yaron ya tarbe ku a inda mota ta tsaya, ku daidaita kuɗin tun kafin. Musamman in da dare kuka iso. Lungunan nan ana cewa sun kai dubu tara, taswirar waya kuma tana ruɗewa a ciki saboda tsayin bango. Ƙofar riyad ɗin ma sau da yawa ba ta da wani allo, ƙofar katako ce a ƙarshen lungu mai duhu, har ka fara zargin an damfare ka. Sai an buɗe ka ga abin mamaki.

Ɗan Damagaram:
Barkanku da hira. Ni maganar sanyi zan yi, don na ga an wuce ta da sauri. Waɗannan gidaje don zafi aka gina su. Bango mai kauri, rufi can sama, ƙasa duk tayil, tsakar gida a buɗe tana kallon sama. Lokacin bazara, da gari ke haura digiri 40, ciki kamar randa. Amma Disamba da Janairu, dare yana sauka ƙasa da digiri 5 wani lokaci, ga ruwan sama, don su da hunturu suke samun damina. Sanyin ba irin namu na iska da ƙura ba ne, mai danshi ne, yana shiga ƙashi. Ɗakin ƙasa da ake ba ka shawara saboda gwiwa, shi ne ya fi kowane ɗaki sanyi a gidan, don rana ba ta kai masa. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Ka tambaye su: akwai na'urar ɗumi a cikin ɗakin kanta, ba a falo ba? Suna rufe saman tsakar gida da rumfa in hunturu ya shigo? Ruwan zafi yana nan da asuba? Da yawa suna rufewa da leda mai kauri ko gilashi, wasu ba sa yi.

Injiniya_KD:
Yauwa. Ga shi wani ya faɗa. Ɗakin sama gwiwa, ɗakin ƙasa sanyi. Me ya rage?

Maman Hanif:
Abin da ya rage shi ne ɗakin ƙasa mai hita da bargo biyu. Ba a sama ake sayar da su ba, Injiniya.

Hajiya Babba:
Ɗana Baban Yusra, ni sa'ar mahaifiyarka ce, bari in gaya maka abin da tsohuwa take so. Ba tayil muka je kallo ba. So muke mu yi asuba a zawiyya, mu zauna wazifa, ranar Juma'a bayan la'asar a yi zikiri da mu har magariba. In kana sabon gari, wa zai fito maka da tsohuwa cikin duhun asuba da sanyi neman tasi? Sai ka ga an yi tafiyar nan duka, an kashe kuɗi, amma sau ɗaya a rana take leƙawa kamar mai zuwa dubiya. Ni kusa na sauka, ina jin kiran salla daga masallatai ta ko'ina, jikata ta riƙe ni mu taka. Wahalar matakala kam na sha, don mu ɗakin sama aka ba mu. Amma ban yi nadama ba.

Baban Yusra:
Hajiya na gode, Allah ya ƙara girma. Kamar kin ji abin da take faɗa, ita ma maganarta ke nan, zikirin Juma'a.

Abu Huzaifa:
Ni tambayata daban ce. Shin ma ya halatta a ɗaura kaya a yi doguwar tafiya don kabari?

Admin:
Abu Huzaifa, a yi haƙuri. Nan zauren tafiye-tafiye ne, mai tambaya masauki ya tambaya. Wanda zai yi waccan muhawarar ya san inda ake yin ta. A ci gaba.

Abu Huzaifa:
To shi ke nan. Amma ga wadda ta shafi masauki: wasu gidajen nan suna sayar da giya. Na gani da idona, ana zaune a tsakar gida ana sha da daddare. A babban otal kana iya kauce wa mashaya. A gida mai tsakar gida ɗaya ina za ka kauce?

Ɗalibin Fas:
Wannan gaskiya ce, kuma tambaya ce mai kyau. Ba duka ba ne, da yawa ba sa ajiyewa sam, musamman waɗanda iyalan Fas ke riƙe da su da kansu da waɗanda ke kewayen zawiyya. Ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi. Haka gidan da ke da ɗan kwamin wanka a tsakar gida, ka san irin shigar da za ka gani a bakin ƙofar ɗakinka. A Janairu dai ba mai shiga ruwa.

Ƙari a kan haka, ka saka buta a jakarka. Banɗakunan da yawa an gyara su ne da Turawa a rai, takarda kawai za ka tarar.

Mai Zane:
Ni maginin zamani ne, zanen gidaje nake yi, kuma abin da ya kai ni Fas ke nan. Zan ɗan yi tsawo, a gafarce ni.

Injiniya ya ce an yi su don hoto. A'a. An yi su ne don iyali mai kulle. Daga waje bango ne tsirara, ba taga sai 'yar kafa can sama. Ka shiga ƙofa, ba za ka ga cikin gida kai tsaye ba, sai ka karya kwana a wani ɗan siririn soro, don wanda ke lungu kada idonsa ya faɗa kan matan gida. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ya san wannan dabarar, zaure da shigifa ke nan kafin tsakar gida. Bambancin, su sama suka yi da ginin, hawa biyu ko uku, don fili ya yi musu kaɗan a cikin ganuwa.

Ɗakunan za ka ga dogaye ne amma sirara. Dalili, da gungumen itacen al'ul na duwatsun Atlas ake yin rufi, faɗin ɗaki ba ya wuce tsawon gungume. Shi ya sa gado yake can ƙarshe ɗaya, wurin zama a ɗaya ƙarshen. Ado kuma hawa-hawa ne: ƙasa da rabin bango zallij, wato tayil da ake sassarewa da hannu ƙanana-ƙanana a jera su a kife sannan a zuba musu siminti ta baya. Sama da shi farar ƙasa da aka sassaƙa tun tana ɗanya. Can sama katako mai zane. In kana son ganin asalin aikin, ka shiga makarantar Attarin da aka gama a 1325, tana jikin Ƙarawiyyin, a kan hanyarku ma take. Bayan ka gan ta za ka iya bambance gidan da aka yi wa gyaran gaskiya da wanda aka manna wa tayil ɗin kamfani.

Aibin ginin ɗaya ne, kuma ba wanda ya ambata: sauti. Duk tagogi ciki suke kallo. In wani ya yi tari a hawa na uku, na ƙasa ya ji. Ƙofofin ɗaki manya ne na katako masu sakata, wasu ba sa rufuwa ruf. In kai mai tashi ƙarfe huɗu ne kana alwala kana jan carbi da ɗan sauti, maƙwabcinka Bature zai sani. Shi ma in ya dawo sha biyun dare yana dariya, Hajiya za ta sani.

Injiniya_KD:
To Mai Zane, tunda aikinka ne, faɗa mana tsakani da Allah. Gidajen da suka shekara ɗaruruwa, ga lungunan da na gani an tokare bango da bango da katakai don kada su faɗi. Ga girgizar ƙasar 2023. Kai za ka kwantar da mahaifiyarka a ciki?

Mai Zane:
Katakan nan gaskiya ne, akwai gidaje masu haɗari a Fas, shi ya sa gwamnati ta kafa hukuma musamman, ADER-Fès, tun 1989 don gyaran tsohon birnin. Amma waɗanda ke rushewa galibi gidajen da aka bari ba gyara ne, rufi na yoyo shekara da shekaru. Gidan da ke da lasisin saukar baƙi an kashe masa kuɗi. Girgizar ƙasar Satumban 2023 kuwa a yankin Al Hauz ta auku, kudu da Marrakesh, ɗaruruwan kilomita daga Fas. Tsohon birnin Marrakesh ne ya taɓu. Eh, zan kwantar da ita, in na ga gidan yana da rajista da sharhin baƙi na kwanan nan.

Malama Tarihi:
Ina bin hirar nan da sha'awa. Abin da ke ɗan damuna game da riyad ba matakala ba ne, wa ke cin kuɗin.

Gidajen nan na manyan iyalan Fas ne, malamai da attajirai. Da Faransa ta karɓi ƙasar a 1912, ta mayar da babban birni Rabat, ta gina sabon gari a wajen ganuwa, kasuwanci kuma ya koma Kasabalanka. Masu hali suka bi kuɗi da mulki suka fice, abin ya ƙaru bayan samun 'yanci a 1956. Gidajen suka koma hannun magada masu yawa da ba sa zaune a ciki, aka riƙa ba 'yan ƙauye haya, iyali guda a ɗaki guda. Bayan UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya a 1981, sannan daga baya jiragen araha suka fara zuwa daga Turai, sai baƙi suka fara saye suna gyarawa. A Marrakesh abin ya fi ƙamari. Yau za ka sauka a gidan da kakan wani ya gina, mai shi yana Faransa, 'yan gari su ne masu shara da girki. Ni wannan yana min wani iri.

Mai Zane:
Malama, in ba su saya ba fa? Magada talatin, ba mai iya gyara, ba mai yarda a bar wa ɗaya. Da yawa da yanzu sun zama kango. Kuma masu sassaƙa zallij da kafintoci da wannan gyaran suke ci.

Malama Tarihi:
Ban musa ba. Amma gini ya tsira, unguwa ta canza. Lungun da rabinsa masauki ne, wa zai kai kwaɓin burodi gidan gashi na unguwa? Wa zai tura yaro makarantar allon? Haya ta tashi, mai ƙaramin ƙarfi ya fita. Ba cewa nake kada a sauka ba. Cewa nake a zaɓa. Akwai gidajen da 'yan Fas ke riƙe da kansu, akwai ma wani tsari da ake kira Ziyarates Fès, inda iyalai ke sauke baƙi a gidan da suke zaune a ciki. Ba ƙyalƙyali kamar na hoto, amma da mutanen gida za ka ci abinci.

Ɗan Damagaram:
Malama ta taɓo inda nake. Mu da muka je da jama'a, ba Booking muka bi ba. Kewayen zawiyya akwai gidajen da suka saba da masu ziyara daga Senegal da Mali da Nijar da Najeriya, har za ka ji ɗan Fas yana ciniki da Wolof. Araha ne ƙwarai, wani wurin ma a bar ku ku yi girkinku. Sai dai banɗaki na haɗaka ne a wasu, ɗumi kuma bargo ne kawai. Ga matasa ya yi. Ga Hajiya cikin Janairu, ni ban ba da shawara ba.

Kuma Blida tana kusa da majemar Shuwara. In iska ta juyo, za ka san ana jima. Da kashin tattabara da farar ƙasa suke jiƙa fata, shi ya sa masu shagon ke miƙa maka ganyen na'ana'a ka toshe hanci.

Bakano Zalla:
Wari kuma? Mu da muka tashi kusa da majema? Ai fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a Kano ita ayari ke ƙetarawa da ita Sahara, Turawa su saya a can su ce fatar Maroko ce. Baban Yusra ka je ka gaishe da abokan sana'ar kakanninmu.

Maman Hanif:
Bakano ba ka da dama. A dawo kan abinci. Karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki a kusan duk riyad, kuma shi ne abin da na fi tunawa: burodinsu mai faɗi, wani da suke kira msemen mai kama da fanke mai ninki, bagarir mai huji-huji kamar sinasir, zuma, man zaitun, ƙwai, lemon zaƙi matsattse, da shayin na'ana'a. In Hajiya na da sukari ka ce a kawo shayin ba sukari, don zubawa suke kamar ba gobe. Abincin dare sai ka faɗa tun safe, a kasuwa za a sayo a dafa muku. Ba yaji a girkinsu, har nama da busasshen 'ya'yan itace mai zaƙi suke haɗawa. Ka gaya wa uwargida ta ƙullo yajinta. Ranar Juma'a kuskus ne a ko'ina, shaguna da yawa a cikin birni kuma a rufe suke, kada ku bar sayayya sai ranar.

Wasu gidajen a kan rufi suke ba da karin kumallo saboda kallon gari. Ka ce a kawo na Hajiya ƙasa.

Baban Yusra:
Ina rubutawa duka. Wani abokina ya tsorata ni da maganar yara masu bin baƙo suna cewa za su nuna hanya. Haka ne?

Ɗalibin Fas:
Akwai su. Salon ɗaya ne: ya ce maka hanyar nan a rufe take, ko ya tambaye ka sunan masaukinka, ya shige gaba, a ƙarshe ya miƙo hannu ko ya kai ka shagon kafet. Ka ce "la, shukran" ka wuce, kada ka tsaya jayayya. In ka ɓace, mai shago za ka tambaya, shi ba zai bar shagonsa ya bi ka ba. Ga wata dabara: allunan sunan lungu, mai kusurwa shida yana nufin lungun ba ya ɓullewa, mai kusurwa huɗu yana ɓullewa. In ka ji an ce "balak", ka manne da bango, alfadari ne ko kura.

Wani lokaci yara kan jefo wa baƙar fata magana mara daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma a wajen zawiyya, da babbar riga da carbi, girmamawa za ka fi gani, sun san me ya kawo ka. Da Larabcin makaranta za a fahimce ka, ko da yake nasu na kasuwa sai ka kasa kunne. A masallaci kuwa kamar gida: Malikiyya ne, karatun Warsh ne, bayan asuba da magariba a zauna a karanta hizifi tare da murya ɗaya. Hajiya za ta ji daɗin wannan.

Injiniya_KD:
Tunda an rinjaye ni, ga nawa taimakon. Mu 'yan Najeriya sai da biza, kuma za su nemi shaidar masauki, don haka ka kama wanda ake iya sokewa ba asara. In Kasabalanka kuka sauka, akwai jirgin ƙasa daga cikin filin jirgin zuwa tashar Casa Voyageurs, daga nan wani zuwa Fas, awa huɗu ko ƙasa da haka kaɗan. Ka sayi tikitin aji na ɗaya saboda Hajiya. Kada ku isa Fas da tsakar dare. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, ka tafi da mahaɗi. Ka riƙe dirhami a hannu, ƙananan gidaje da yawa ba sa son kati, ga kuɗin harajin kwana da ake karɓa daban a kan kowane mutum.

Abu Huzaifa:
Da takardar aure. An ce suna tambaya.

Ɗalibin Fas:
'Yan ƙasa aka fi tambaya, wani lokaci da baƙi Musulmi. A 2024 ministan shari'arsu ya fito ya ce babu dokar da ta ba otal ikon neman ta, amma wasu masu gidajen ba su daina ba. In kana da ita ka ɗauki hotonta a waya. Fasfo dai dole kowa ya bayar a cike fom ranar isowa.

Baban Yusra:
Jama'a na dawo da labari. Na bar na Bujulud. Na rubuta wa gidaje uku na wajen Rasif da tambayoyinku. Ɗaya bai amsa ba. Ɗaya ya ce ɗakin ƙasa nasu falo ne, ba a kwana. Na ukun ya amsa dalla-dalla: ɗaki a ƙasa da banɗaki a ciki, na'urar ɗumi a ɗakin, suna rufe saman tsakar gida daga Nuwamba, ba sa ajiye giya, mai gidan da iyalinsa suna zaune a hawa na sama. Ya ce minti biyar ne daga inda tasi ke tsayawa, amma akwai matakala shida a bakin lungun. Mu za mu ɗauki ɗakin da ke samanta. Kuɗin ya ɗan fi na farkon.

Hajiya Babba:
Shida ba komai, ɗana. A riƙe ta ta dama, sanda a hagu. Ka sa mu a addu'a in kun shiga.

Mai Zane:
Minti biyar ɗin mai masauki ka ninka shi. Ka ce ya ɗauko maka bidiyo da waya, daga inda mota ke tsayawa har ƙofar gida, ba yankewa. Ka nuna wa Hajiya ta gani da idonta kafin ka biya.

Injiniya_KD:
Ni har yanzu otal nake. Amma ka tambaye shi kuma ko kwamin wankan ɗakin nata mai hawa ne, wasu sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga, ga tayil da santsi. In haka ne su ajiye mata kujerar roba da bokiti.

Baban Yusra:
Na tura masa duka biyun yanzu. In bidiyon ya zo zan saka a nan ku duba min.